Tamfol ɗin Albasa

Munka baro gaɓa bayan azahar,
mu bakwai, da buhu tara na albasa,
da akuya guda da ba ta yarda da ruwa ba tun farko.
Arzika na baya, hannu bisa inji,
ɗansa Nomau na gaba da gora,
ni a tsaka, ina ƙirgen ribar
da ba ta shigo aljihu ba.

Ruwan Goronyo na kwance awa tabarma.
Inna Tumba tad dubi gabas,
tac ce, wancan baƙin ba na wasa ba ne.
Arzika yac ce, kafin shi gama ɗamara mun ƙetare.

Hadari ya ji shi.

Iska tat taso da ƙanshin ƙasar wani gari,
ruwa yat tattare goshi,
yaf fara marin jirgi ta haƙarƙari.
Inji yay yi tari sau biyu,
irin na tsohon da hayaƙi ya shaƙe,
sannan yay yi shiru.
Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba,
ga tsawa kuwa na faɗuwa ko'ina.

Arzika yaz zare fulogi, yab busa,
yag goga a gefen riga,
yaj ja igiya. Yaj ja. Yas sake ja
har igiyar tab biyo hannunsa.
Yad dube ta awa wutsiyar ƙadangare.

Kowa yas samu aiki.
Inna Tumba na kwalfe ruwa da ƙwaryar furarta,
wani malamin makaranta na yi da takalmi,
ni da tafin hannu da salati.
Akuya ita kaɗai ke faɗin gaskiyar abin da muke ji.

Sai ƙasan jirgi yay yi gurnani.
Munka tsaya cak, tsakiyar tafki,
hanci sama, gindi cikin laka.
Nomau yad dira, ruwa iya cinya,
yal laluba da ƙafa, yac ce, Baba, tudu ne.
Arzika yad dubi gaɓar can, yad dubi ta nan,
yana auna wani abu da ido.
Yac ce, nan garinmu yake kafin ruwa shi zo.
Wanga tudu, in ban ɓata ba,
nan rumbun tsohona yat tsaya.
Bai ƙara ba. Ruwan sama na bin gemunsa.

Buhu uku munka ba tafki kafin jirgi shi ɗaga.
Nawa ne duka ukun.
Na ga albasata na iyo, ja, tana juyi,
tana tafiya kasuwar da babu ciniki.

Inna Tumba ce tac ce a kwance tamfol.
Anka kafa gora tsakanin buhunna,
anka ɗaure da igiyar inji da ta akuya,
malam yar riƙe kusurwa guda, ni guda.
Tamfol yak kumbura awa cikin mai wata tara,
gora tay yi ƙara, ba ta karye ba.
Iskar da ke neman kifar da mu ɗazu
ita tat tura mu, ba sannu, ba ban haƙuri,
Arzika na gyara hanya da guntun katako.

Ba mashigin da munka nufa munka sauka ba.
Cikin burugu ne, bayan wani ƙauye,
ana kiran magariba, zalɓe na kallonmu.
Yara sunka kawo wuta a kasko.

Har yau in na yanka albasa ido yac cika,
mai ɗakina kan ce, yaji ne.
Nakan ce mata, i, yaji ne.
Ba na ce mata ina ganin Arzika tsaye cikin ruwa,
kafaɗa a jikin jirgi,
yana tura mu daga ƙofar gidan ubansa.